Bayan An Rufe Kamfanin Katifa

Yayata ta fi shekara ashirin tana ɗinka rigar katifa a wani kamfani da ke bayan gari. Tun tana sabuwar aure ta shiga, mijinta yana sashen yankan soso, ita tana sashen ɗinki. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ta dawo gidan Baba da ɗanta guda ɗaya, ta ci gaba da zuwa aikinta. A kamfanin ba mai kiran sunanta. Uwar Allura suke ce mata, saboda duk wadda allurarta ta karye ko zarenta ya sarƙe, wurinta take nufa. Mu a gida Yaya muke cewa, har Baba ma in ya sha'afa sai ka ji ya ce Yaya.

Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kuma da wuya ka gan ta babu guntun zare maƙale a mayafinta. Babban yatsanta na dama ya yi kanta saboda tura yadi. In muka je gidan mutane, kafin ta zauna sai ta shafa kujera ta duba ɗinkin, ni kuwa in ta zungurinta don kada masu gida su gani.

Maganar rufe kamfanin ta daɗe tana yawo. Da farko an rage musu ranakun aiki, daga baya motocin da ke zuwa ɗaukar kaya suka ɗauke ƙafa. Wata safiya suka je suka tarar da ƙofa a garƙame, maigadi yana tsaye a waje yana ba kowa haƙuri kamar shi ya yi laifin. Manaja ya fito ya yi musu jawabi ta bayan ƙarafan ƙofa, ya ce kasuwa ta ƙi, za a ba kowa ɗan abin sallama. Wasu suka yi ta ihu, wasu suka zauna a ƙasa. Yaya ta roƙi maigadi ya bar ta ta shiga ta ɗauko almakashinta, don nata ne, ba na kamfani ba. Ya bar ta. Ta ɗauko, ta lulluɓe keken da ta saba aiki a kai da ƙyalle kamar yadda take yi kullum in an tashi, ta dawo gida.

Ni ina koyarwa a makarantar firamare, gidana kuma layi ɗaya ne tsakaninsa da na Baba, don haka da na ji labari sai na biya. Na same ta a baranda da almakashi a cinya. A ranar ne na lura cewa mutum uku ne a gidan nan, tsoho da babba da matashi, kuma duk cikinsu ba mai aikin da ake biyan sa.

Baba direban babbar mota ne, ya tsufa a kan sitiyari. Da yanar ido ta fara rage masa gani, kamfanin da yake wa aiki suka karɓi makulli, suka yi masa godiya. Ya yi watanni a ɗaki ba ya son magana da kowa, ya rame, har muka fara tsorata. Daga baya ya tsiri wata ɗabi'a. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa kaya masu guga, ya ɗauki sandarsa ya tafi tasha, ya zauna a bencin mai shayi cikin direbobi. Ba ya ganin lambar mota, amma in ta shigo sai ya karkata kai ya ce, "Wannan filoginta ɗaya ya mutu." Ba mai biyan sa, shi ma bai nema ba. In rana ta yi zafi ya dawo gida yana cewa ya gaji da aiki.

Shi kuwa ɗan Yaya, Akawu muke ce masa tun yana ƙarami, saboda ba a raba shi da biro a aljihu. Sunan ya bi shi, ya karanta lissafin kuɗi a jami'a, ya fito da sakamako mai kyau. Shekarar farko ya ƙarar da takalmi yana yawon ofisoshi da takardu a hammata. Ta biyu ya koma nema ta waya. A lokacin da nake ba da labari ya shiga ta uku, ya daina zuwa wurin abokansa, ya daina fitowa in an yi baƙi, don kada a tambaye shi, "To, yanzu ina ake?" Sai rana ta take yake buɗe ƙofar ɗakinsa.

Baba ya dawo daga tasha ya same mu a baranda. Ya riga ya ji labari a can. Ya laluba kujera ya zauna, ya ce, "Yau in kuka za ki yi, ki yi ya ishe ki. Amma gobe ki tashi lokacin da kika saba tashi, ki yi wanka, ki sa takalmi."

Yaya ta ce, "In je ina, Baba?"

Ya ce, "Ko ƙofar gida ce. Ni lokacin da na kwanta a ɗakin can, ba ido ne ya kusa kashe ni ba, katifa ce. Ke kuwa kin fi kowa sanin sharrin katifa, tun da ke kike ɗinka ta."

Ta yi ɗan murmushi, hawaye kuma suka zubo.

Ta bi maganarsa. Kullum sai ta shirya ta fita. Ta je shagunan tela, suka ba ta gwaji, suka ce hannunta ya saba da yadi mai kauri, ta cika danne ɗinki. Ta je inda ake ɗinka kayan 'yan makaranta, mai wurin ya dube ta daga sama har ƙasa ya ce yara yake so masu jini a jika. A hanya takan haɗu da abokan aikinta. Wata ta kwashe 'ya'yanta ta koma garin iyayenta. Wata ta fara sayar da ƙanƙara a ƙofar gida. Wadda suke zama kusa da juna a wurin aiki, mace mai barkwanci, hawan jini ya kwantar da ita, Yaya ta je dubiya ta dawo jikinta a sanyaye.

Ana nan sai aka buɗe wani babban kanti na kayan gida, aka ce ana neman masu kula da sito. Yaya ba ta faɗa wa Akawu za ta je ba, don tana ganin zai ji nauyi a ce uwarsa na bin layin neman aiki shi yana kwance. Shi ma ashe ya ji labarin, ya yi shirinsa a ɓoye, don ya gaji da fita da sa rai ya dawo ana kallon fuskarsa.

Layin ya bi jikin katanga har ya sha kwana. Kusan duk matasa ne, kowa da ambulan a hannu. Yaya ta tsaya a baya. Wani saurayi da ke gabanta ya waiwayo ya ce, "Mama, ɗanki kika rako?"

Ta ce, "A'a, aiki na zo nema, kamar kai."

Aka yi dariya. Can gaba kaɗan wani ya juyo da sauri saboda ya san muryar. Ita kuma ta riga ta gane wuyan rigar, don ita ta juya kwalar da hannunta da ta fara cinyewa. Akawu ya fito daga layi ya zo wurinta, ya rage murya.

"Umma, me kike yi a nan?"

"Abin da kake yi."

"Don Allah ki koma gida. Ko kuma ni in tafi."

Ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Ba inda za ka, ba inda za ni. Sata muka zo yi? Koma wurinka kafin a cinye maka."

Ya koma, kansa a ƙasa. Saurayin nan da ya yi tambaya ya matsa ya ce ta shiga gabansa, ta ce ya bari, kowa ya tsaya inda ya samu.

Shi aka fara kira, ita sai can da yamma. Ya jira ta a gindin wata bishiya. Da ta fito suka kama hanya a ƙasa, ba wanda ya yi zancen hawa mota. Sun yi nisa kafin ta ce, "Me suka ce maka?"

"Wai takarduna sun yi wa aikin yawa. In na samu wanda ya fi shi zan gudu."

"Ni kuma wai shekaruna sun yi yawa, ba zan iya ɗaga kwali ba." Ta yi dariya. "Ka ga da za a haɗa ni da kai a raba biyu, da sun samu ma'aikata biyu daidai wa daida."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Umma, kin san abin da ya fi ci mini rai? Da wannan yatsan naki kika biya mini karatu. Na ɗauka zan fito in ce ki zauna ki huta. Yau ga shi ni da ke a layi ɗaya, yara na yi miki dariya."

Ta ce, "Dariyar ta rage mini wani abu? Ni ban biya maka makaranta don in huta ba, na biya ne don ka sani. Kuma ka sani. Sauran na Allah ne." Ta ba ni labarin nan daga baya, ta ce har suka iso gida yana share fuska da ambulan ɗinsa, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Bayan wannan ta daina bin layi. Maigadin kamfani ya aiko mata cewa za a yi gwanjon kayan aiki, ta ce kekenta za ta saya da abin sallamarta. Ni na hana. Na ce wannan ɗan abin shi ne abincin gidan, in ya tafi a ƙarfe me za a ci? Ta ce, "In mun cinye shi fa, sai mu ci me?" Ta je ta gane nata a cikin kekuna da yawa, saboda wani ɗan tabo da ke jikin teburinsa, aka turo mata shi a baro har baranda.

Sai da aka jona shi a wuta muka gane an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Keken kamfani ne, injinsa na son wuta mai ƙarfi, ta gidanmu kuwa ko ta zo da ƙyar take juya fanka. Ya yi gurnani sau ɗaya ya yi shiru. Haka ya zauna a baranda makonni a lulluɓe, kowa ya wuce sai ya kauce masa kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Ban ce mata "ai na faɗa miki" ba, amma ta san yana bakina.

Wata rana Baba bai je tasha ba. Ya yaye ƙyallen, ya yi ta lalube keken da hannu, sama da ƙasa, ya durƙusa ya shafa injin da bel ɗin. Ya ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne. Juyawa kawai yake so. In wuta ta ƙi, ƙafa ta juya shi." Sai ya buga ƙofar Akawu da sanda. "Kai mai digiri, fito ka ara mini idanunka. Nawa sun yi ritaya, naka kuma ba su fara aiki ba."

Akawu ya fito yana ƙunƙuni. "Tsoho, ni me na sani a kan keke?"

"Ba saninka nake so ba. Ka ga rami ka ce mini ga rami."

Suka je wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa suka samo feda da babbar ƙafar juyi ta wani mataccen keke. Baba ya karɓo bel ɗin fanka na mota a tasha. Suka kwance injin, suka huda teburi. Kwana da kwanaki ana abu ɗaya: bel ya zame, a ɗaure, ya tsinke, a sake. Jika da kaka suna faɗa kamar sa'o'in juna. Baba ya ce sufana mai lamba kaza, Akawu ya miƙa masa wata, Baba ya taɓa ya ce, "Wannan a jami'a aka koya maka ita ce?" Akawu ya ce, "Kai da ba ka gani, ina ka san ba ita ba ce?" Yaya tana jin su daga kicin, ta ce mini rabon da ta ji muryar yaron nan da ƙarfi haka har ta manta.

Ranar da ya tashi, ta zauna ta taka, allura ta sauka ta hau, ta bi guntun yadi ta bar layi miƙaƙƙe. Yana da nauyin takawa sosai, kafin ta saba sai da ƙafafunta suka kumbura. Amma yana ɗinki.

Aikin farko matar mai kemis ce ta kawo, maƙwabciyarmu. Kujerun falonta ne suka tsufa, ta sayo yadi mai manyan furanni ta ce a sake musu riga. Yaya ta auna, ta zana da alli, ta yanka, ta ɗinka, ɗinki kamar a lasa. Sai da aka ɗora a kan kujeru aka ga furannin babbar kujerar duk kansu a ƙasa yake. Katifa ba ta da sama da ƙasa, ko ta ina ka juya ta daidai ne, kuma shekara ashirin hannunta bai taɓa tambayar ina fure ya kalla ba.

Matar mai kemis ta riƙe haɓa ta ce, "Ni na ɗauka gwana na kawo wa." Ta faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita ba. Yaya ba ta yi musu ba. Ta cire ɗan kunnenta ta sayar, ta sayo irin yadin, ta sake aikin. Matar ta karɓa, amma labari ya riga ya zaga layi. Aka daɗe ba wanda ya kawo ko matashin kai.

A nan ne na ga Yaya ta kusa karaya. Wata safiya na biya kafin in wuce makaranta, na tarar ba ta fito ba. Baba yana tsaye a ƙofar ɗakinta da kayansa masu guga, yana ƙwanƙwasawa da sanda.

Ta ce daga ciki, "Baba, yau ka ƙyale ni. Kaina ke ciwo."

Ya ce, "Na san irin ciwon, na yi shi. Ni sau nawa na jefa mota a rami? In direba ya ce don ya taɓa faɗawa rami ba zai sake hawa titi ba, ai sai fasinja su koma hawan jaki. Fito ki share barandar nan, yau kina da baƙo."

Ba ta san da wani baƙo ba, shi ma daga baya ya ce a lokacin bai san wa zai kawo ba. Ya tafi tasha. Kafin azahar sai ga shi da wani direban bas, ƙato mai faɗin kafaɗa, wanda ake wa laƙabi da Ba Birki, yana ɗauke da kujerar mota a ka. Ledar ta yage, soso ya fito, ƙarfen ciki har yana yaga wa fasinja kaya. Ya dire ta, ya duba hagu da dama, ya ce, "Baba, ina mai gyaran?"

Baba ya nuna inda yake jin motsin Yaya ya ce, "Ga ta nan."

Ba Birki ya sunkuya zai ɗauki kujerarsa. "Haba Baba, wasa kake da ni? Mace da kujerar mota?"

Baba ya ɗora sanda a kan kujerar. "In ta ɓata maka, ka daina gaishe ni a tasha."

Yaya ta durƙusa ta farke tsohuwar ledar, ta shimfiɗa ta a ƙasa ta zama mata ma'auni. Ta tambaye shi ta wane gefe fasinja suke shiga. Ya faɗa mata yana harararta. Ta ce ya dawo gobe. Ta lanƙwashe ƙarfen da filaya, ta cike soso ta manne da gam, kuma gefen da mutane ke gogawa in za su shiga ta ninka ledar ta bi ta da ɗinki biyu. Soso da kaurin yadi su ne abin da hannunta ya sani, abin da telolin gari suka ƙi ta saboda shi.

Washegari ya zo, ya danna kujerar da gwiwa, ya zauna, ya tashi, ya ja bakin ɗinkin da ƙarfinsa. Bai yaba ba. Ya ce kawai, "Akwai sauran a motar." Da yamma ya kwaso su duka.

Daga shi sai abokinsa, daga abokinsa sai masu tasi. Baranda ta cika da kujeru har ba wurin wucewa, direbobi kuma suka fara ƙorafin ɗauko kaya zuwa cikin unguwa. Mai facin taya da ke bakin tasha ya ce akwai fili kusa da shi. Aka kafa mata rumfar kwano, aka kai keken. Makon farko mutane har tsayawa suke su kalli mace da guduma da ƙusa a baki. Wani ya ce mata ta koma gida ta yi ɗinkin mata, ta cire ƙusar daga baki ta ce, "Kawo zanen matarka, shi ma ina yi." Aka yi masa dariya, bai sake ba. Baba ya mayar da zamansa daga bencin mai shayi zuwa bakin rumfarta, duk motar da ta shigo sai ya kira direban ya tambaye shi lafiyar kujerunsa.

Kowa ya ɗauka Akawu zai shiga sana'ar, ni ma haka. Ya je ya yi mako guda, ya yanke hannu da reza, ya ɓata leda, ranar ƙarshe ya zauna kusa da uwarsa ya ce, "Umma, ba raina aikin nan na yi ba. Amma in na zauna a nan, na san kaina, ba zan sake neman nawa ba."

Baba ya fusata ya ce girman kai ne, mai nema ba ya zaɓe. Yaya ta ce, "Baba, ƙyale shi. Kai da aka ce ka koma gadi bayan tuƙi, ka yarda?" Baba ya ce wannan daban, amma bai faɗi bambancin ba. Ta juya ga ɗanta ta ce, "Na yarda. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, in fita in bar ka a kwance."

Ya samu wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a can ƙarshen gari yana koya wa yara lissafi. Abin da suke ba shi kusan a mota yake ƙarewa, kuma har yau bai samu aikin da ya karanta ba. Yana dai aika takardu, ana kiran sa wani lokaci, ya je ya dawo. Akwai ranakun da yake dawowa ya rufe ƙofa ba ya son magana. Amma da safe yana fita, kuma in aka tambaye shi ina ake, yana da amsa.

Bara aka zo faɗaɗa titin tasha. An yi ta raɗe-raɗi, ba wanda ya san ranar. Wata safiya sai ga motar rusau, aka ce kowa ya kwashe abin da zai iya. Mai faci ya yi ta kururuwa, mai shayi ya zauna a kan bencinsa ya ce sai dai a haɗa da shi. Yaya ta ɗauki sufana ta fara kwance kan keken daga teburi. Direbobin da ta yi wa aiki suka zo suka ɗauke teburin da leda da soso, Ba Birki ya buɗe bas ɗinsa aka zuba. Suna tsaye suna kallo aka ture rumfar.

Da na taso daga makaranta na je gida a guje, ina tsammanin zan same ta a kwance. Na tarar da kaya jibge a baranda, Baba shi kaɗai. Na ce ina Yaya? Ya ce ta fita tun ɗazu. Sai gab da magariba ta shigo, ƙafafunta duk ƙasa.

Na ce, "Yaya, sannu. Ya muka ji da wannan abu?"

Ta ce, "Sai haƙuri." Ta karɓi ruwa ta sha. "Akwai wani mai wankin mota a bayan gidan mai, yana da fili a gefen katanga. Ba inuwa, kuma da ɗan nisa da tasha, amma duk motar da aka wanke ai sai an buɗe ƙofarta an ga kujera. Ya ce in zo mu gwada wata guda."

Baba ya ce, "Wane mai wankin motar? Dogon ko mai wushirya?"

"Dogon."

"Ba laifi, na san ubansa. Amma ki ce masa ya gyara magudanar ruwansa, kada ya jiƙa miki soso."

Ta ce ta riga ta faɗa masa. Sai ta dube ni ta ce, "Ke kuma tsohuwar tamfol ɗin nan da ke bayan ɗakinki, kina amfani da ita?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ki aiko mini da ita da sassafe. Akwai kujerun mutum biyu da na yi wa alkawarin gobe."